Injiniyan Madanni Guda

Ba na iya zama da mutum tsawon shan kofin shayi ban gaya masa inda nake aiki ba. Ko gaisuwar mutuwa na je, kafin a shafa fatiha na riga na hango ƙofar da zan shigo da zancen. Wani zai ce, "Ya gajiya?" Maimakon in ce babu gajiya kamar kowane ɗa mai tarbiyya, sai in ja dogon numfashi in ce, "Wallahi sai a hankali, jiya ba mu tashi daga mitin da mutanenmu na Amurka ba sai da dare ya raba." Daga nan dole ya tambaya, ni kuwa dama abin da nake jira ke nan. A wannan rubutu na ɗauki alkawarin ba zan kama sunan kamfanin ba, kuma Allah kaɗai ya san yadda yatsuna ke ƙaiƙayi. Iyakar abin da zan ce, kamfanin manhaja ne babba, mai dubban ma'aikata a ƙasashe da dama, kuma ina yi masa aiki ne daga wani ɗaki da ke jikin zauren gidanmu a Bungudu.

Wanda ya saurare ni a majalisa zai ɗauka duk abin da kamfanin ya taɓa fitarwa a gaban idona aka ƙera shi. "Wannan ai mu muka yi," haka nake cewa, ina nuna wayar wani da baki. Ga gaskiyar magana. A cikin katafariyar manhajar akwai sashen lissafin kuɗi. A cikin sashen akwai shafin rasit. A ƙasan shafin, ta hannun dama, akwai wani ɗan madanni da mutum ke latsawa idan yana son a aika masa da kwafin rasit ta imel. Madannin nan da abin da ke bayansa su ne iyakar ƙasata. Ita ma ba ni kaɗai ke sarautarta ba. Akwai sauran injiniyoyi, da manaja, da mai zanen fasali, da mai gwaji, da wata baiwar Allah da aikinta shi ne ta tabbatar kalmomin da ke kan madannin ba su taka dokar wata ƙasa ba. An taɓa yanke shawarar a sauya masa launi, daga shuɗi zuwa shuɗi mai ɗan duhu. Aikin hannu bai wuce layi ɗaya ba. Amma kafin layin ya isa ga jama'a sai da aka rubuta takardar dalili, aka yi mitin a kan takardar, aka sake wani mitin don a daidaita abin da kowa ya fahimta a na farko, aka gwada a kan ɗan kason masu amfani, aka zauna jiran alƙaluma. Mun fara maganar ana shukar gero, muka gama an riga an sa dawa a rumbu. Ranar da aka saki sabon launin na sayo balangu na kai gida, na ce da su mun ƙaddamar da babban aiki.

In yi wa kaina adalci, cutar nan da sunan magani ta shigo. Na koyi sana'ar ne a lokacin da Legas ke rawar kai da ita. A 2014 aka kafa Andela, tana ɗaukar samari da 'yan mata tana horar da su, sannan ta haɗa su da kamfanonin waje. A 2016 Mark Zuckerberg ya sauka a unguwar Yaba, hotunansa yana tafiya a ƙasa cikin 'yar tishat suka cika wayoyi. A 2019 Microsoft ta buɗe cibiyar injiniyoyi a Legas da Nairobi, da alkawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara biyar. Duk wanda ya iya rubuta kod a shekarun nan ji yake an yi masa bushara tun a duniya. Ni ba a ɗaya daga cikin waɗannan na samu gurbi ba, amma iskar da ta kaɗa su ita ta kwaso ni. Da korona ta rufe ofisoshi a 2020 aka ce kowa ya yi aiki daga gida, sai na tattara komatsaina na dawo gida na gaske.

A Legas, saurayi da kwamfuta a cinya ba abin kallo ba ne. A Bungudu kuwa, ƙato lafiyayye da ke kulle a ɗaki da rana tsaka, ba gona, ba kasuwa, ba sakatariya, da dare a jiyo shi yana Turanci shi kaɗai, ga sola a kan rufi, ga buhun shinkafa na shigowa, sunansa ɗaya ne: ɗan Yahoo. Wata gwaggona ta yi tattaki ta same ni, ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah. Kuɗɗin mutane ba su ciyuwa. In wani abu kaka yi cikin na'urag ga, ka tuba tun da sauran lokaci." Ranar na fito da katin shaidar aiki, mai hotona da tambarin kamfani da igiyar ratayawa. Gwaggo ba ta san tambarin ba, amma jikokinta sun sani, suka yi ta tsalle. Katin ya yi mini rana a shingayen hanya ma, inda jakar kwamfuta kan jawo wa mutum tambayoyi. Ba a jima ba zargin ya mutu. Katin ne bai koma cikin jaka ba. An yi shi ne don buɗe ƙofofin wani ofis da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga nan, amma na rataya shi zuwa ɗaurin aure, a ƙarƙashin babbar riga, na bar igiyar tana leƙowa ta wuya kamar da kuskure.

Daɗin aikin ba ƙarya ba ne, shi ya sa warkewa ke wuya. Albashi na shigowa ranar da aka ce zai shigo. A Zamfara, jihar da sai a 2024 aka fara biyan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 30, a shekarar da dokar ƙasa ta ɗaga shi zuwa dubu 70, wannan kaɗai ya ishi mutum ya kama bakinsa ya gode wa Allah. Ban taɓa kai wa kowa gaisuwa don a ƙara mini girma ba. Ba wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni, ko jam'iyyar da mahaifina ke yi. Duk layin da na rubuta sai wani ya karanta kafin a karɓa, wata rana injiniya a Indiya, wata rana wata a Folan, su nuna mini inda na yi ganganci cikin ladabin da ya fi zagi zafi. A hannunsu na koyi cewa abin da ke aiki lafiya ga mutum goma yana iya durƙushewa idan mutum miliyan suka taɓa shi lokaci guda, kuma ba makarantar da ta koya mini wannan. Akwai inshorar lafiya ma. Yawancin asibitocin da ke cikin jerin suna Abuja da Legas, saboda haka zazzaɓina har gobe kemis na bakin kasuwa ke maganinsa, amma dai ina da kati, kuma an san ni da son kati.

Sai maganar dala, wadda ita ce na fi jin nauyin faɗa. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Majalisarmu ta koma zaman makoki. Wannan na lissafin kuɗin mota zuwa Gusau, wancan na faɗin yadda kwanon masara ya kai, malamin firamare na cikinmu ya yi shiru gaba ɗaya. Ni na fi kowa girgiza kai, na fi kowa salati. Hannuna kuwa na cikin aljihu a kan waya, zuciyata na ninka albashina da sabon farashi, don da dala ake ƙirga shi. Ban taɓa roƙon Allah naira ta faɗi ba. Sai dai ban tuna wani dare da na tashi na dage da addu'ar ta farfaɗo ba.

Tsakanin Bungudu da Kalifoniya awa takwas ne, wani yanki na shekara tara. Mitin ɗin hantsinsu yakan faɗo daidai kiran magariba. Kamfanin, in faɗi gaskiya, bai taɓa hana ni salla ba. Na rubuta a jadawalina cewa ba na nan a wannan lokaci, manajata ta matsar da mitin ɗin gaba ba tare da ta nemi dalili ba. To amma wa zai je ya gaya wa mutanen masallacinmu haka? Liman na sallamewa, kafin a gama tasbihi, sai in miƙe in nemi takalmina da irin saurin da kowa zai lura, in ce da na kusa da ni cikin raɗar da ake ji har sahun baya, "A yi mini afuwa, Turawa na jira." Sai in koma ɗaki in zauna ina kallon allo, mitin da sauran rabin awa.

Da an fara kuma sai girman kan ya juya ta ɗaya fuskar. A bayana na sa hoton wani ɗakin karatu mai kantoci cike da littattafai, don kada a ga bangon da damina ta zana wa taswira da buhunan geron da ke jingine a kusurwa. Yatsana kullum na kan madannin kashe murya saboda zakara da mai tallan kunu. Wata rana ana gab da babbar Salla na manta, ragon layyar Inna ya sa baki a taga ya yi kuka mai tsawo ina tsakiyar bayani. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abokan aikina kuwa suka ruɗe da murna, suka ce sai sun gan shi. Na cire hoton littattafan, na juya kwamfuta wajen taga. Tun da na fara aiki ban taɓa gabatar da wani abu da ya samu karɓuwa irin ta ragon nan ba, kuma har yau akwai masu tambayata lafiyarsa. Ban gaya musu yadda ya ƙare ba.

Abin da ya kamata ya warkar da ni ya faru tun a 2021. Ranar 1 ga Satumba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Ranar 3 ga wata hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, an hana safarar dabbobi. Aka wayi gari waya ta zama tocila da agogo. Masu POS suka naɗe lemarsu. Iyaye ba su jin 'ya'yansu, mai mara lafiya ba shi da hanyar kiran ɗan'uwa. A cikin wannan hali, abin da ya hana ni barci shi ne madannin rasit.

Da farko mutane Funtuwa suke tururuwa don su yi waya, sai Katsina ma ta kashe sabis a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar. Na ce to sai Zariya. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakina ina haɗa kaya ta ce, "Hanyag ga ba ta biyuwa yanzu. Mi za ya lalace in ka zamna?" Na ce, "Inna, miliyoyin mutane ne ke dogara da aikin nan." Ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce Allah ya tsare.

Daga Gusau muka ɗauki hanya, muka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, muka nufi Tsafe da 'Yankara, direba na gudu kowa na karanta abin da ya sawwaƙa. Kusa da ni wani dattijo ne da zai je ya sanar da ƙaninsa rasuwar mahaifiyarsu, an riga an yi jana'iza. A gaba wata mata ce da ɗanta ke aiko mata da kuɗin abinci ta waya daga Kudu, abinci ya ƙare. Kowa ya faɗi abin da ya fito da shi. Da aka zo kaina na gyara zaman jakar a ƙirjina na ce aikin gaggawa ne na ƙasa da ƙasa. Dattijon nan mai makoki har da yi mini addu'a.

A Zariya na kama ɗaki a wani masauki, ko wanka ban yi ba na buɗe kwamfuta, hannuna na rawa, ina jiran ambaliyar saƙonni. Na tarar da tunatarwa cewa ban kammala horon shekara-shekara kan yadda ake fita daga ofis idan gobara ta tashi ba. Na tarar da hotunan sabon karen wani abokin aiki, da mutane da yawa suna taya shi murna. Shi ke nan. Na rubuta wa manajata dogon bayani da ban haƙuri. Ta amsa da cewa, ashe ba hutu nake ba? Da ta fahimci abin da ke faruwa hankalinta ya tashi ƙwarai, ta ce in kula da iyalina, ta ba ni hutun gaggawa da albashina cikakke, ta turo lambar masu ba da shawara kan damuwa. Aikin da na bari kuwa, ta ce kada in damu, wani ya ɗauka ya gama shi da yamma ɗaya.

Na daɗe zaune a bakin gadon nan. Ba wanda ya yi mini laifi, kirki ma aka yi mini. An gina wurin ne musamman don kada rashin mutum ɗaya ya tsayar da komai, kuma wannan tsarin ne ya ba ni damar ɓacewa ba a rage mini ko sisi ba. Da shagon kaina nake da shi, da ya mutu a watan nan, kamar yadda na mutane da yawa suka mutu. Amma duk wanda ya taɓa zuwa aikin gayya ya san irin mutumin nan da ke shiga tsakiyar sahu, yana ɗaga fartanya tare da kowa, yana amsa kiɗa da ƙarfi, bakin fartanyarsa ba ya ko taɓa ƙasa. Gona za ta nomu, shi ma zai sha fura, kuma in bai zo ba ba wanda zai ce ina wane. Babban kamfani na ɗaukar irinsa da yawa ba tare da ya ji a jikinsa ba, har shi kansa mutumin ya daina sanin ko noma yake ko rawa.

Ranar 1 ga Oktoba aka dawo da sabis a Gusau, sauran wurare sai daga baya. Na dawo gida. Daren farko a majalisa aka tambaye ni yadda na same su. Na ce, "Ku bari kawai. Saura ƙiris komai ya tsaya."

A cikin Satumbar 2021 ɗin ne kuma aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi fiye da wata guda a hannunsu. A ƙasarmu yanzu, a san kana da shi ba abin alfahari ba ne, kiran masifa ne, don ba ka san kunnen da ke kai labari daji ba. Maiɗakina ce ta fara faɗa mini. Ta ce, "Malam, in sarki bai tsira ba, kai wane ne da za ka riƙa shelar dala a bakin titi?" Ta ɗauke katin nan mai igiya ta jefa a cikin wata kwalla ta ƙasan jere, inda ta san ba zan iya kaiwa ba sai na rushe mata ɗaki. Na yarda da maganarta ɗari bisa ɗari. Na daina faɗa a taro. Na koma jan mutum gefe in ce, "Wannan tsakaninmu ne, kada ka gaya wa kowa." A haka na bi kusan duk unguwar, ɗaya bayan ɗaya.

Daga baya iska ta juya. Dama tun a Satumbar 2019 Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400, muka ce nasu ne ya same su. A Nuwambar 2022 Meta ta sallami mutum dubu 11. A wannan watan ne Twitter, bayan Elon Musk ya saye ta, ta kori kusan duk ma'aikatan ofishinta na Accra, kwanaki kaɗan da buɗe shi. A Janairun 2023 Google ta sallami dubu 12, Microsoft dubu 10. A Mayun 2024 aka ji Microsoft za ta rufe cibiyar nan ta Legas da muka yi wa guɗa shekara biyar baya. A irin waɗannan wurare ba a kiranka ofis a ba ka ruwa a yi maka bayani. Za ka tashi da safe ne ka ga kalmar sirrinka ta daina buɗe komai, bayanin yana cikin imel. Mutumin da ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, wanda ya gama mini aikina da yamma ɗaya, haka aka yi masa. Ba don ya gaza ba. Sashensa ne ya faɗo cikin layin da wani da bai taɓa jin sunansa ba ya ja a kan takarda.

Mai hankali da ya ga haka sai ya ƙara ƙwarewa, ko ya fara gina nasa. Ni sai na ƙware a kan a gan ni. A manhajar da muke hira da juna akwai ɗan ɗigo kusa da sunan kowa, kore in kana nan, in ka jima ba ka taɓa komai ba ya sauya launi. Na zama makiyayin ɗigon nan. Ko tuwo nake ci, hannun hagu na kan linzamin kwamfuta yana ɗan motsa shi. Ba na barin mitin ya ƙare ban yi magana ba, ko da maimaita abin da na gabana ya faɗa ne da wasu kalmomi. Sannan sau biyu a shekara akan sa kowa ya rubuta abin da ya yi, a kansa ake yanke ƙarin albashi da girma. A nan ne baiwar da na yi reno a majalisar Bungudu ta samu filinta. Sauya shuɗi zuwa shuɗi mai duhu ya zama jagorantar sabunta fuskar biyan kuɗi ga masu amfani a nahiyoyi daban-daban. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya, in ka bi kalma-kalma. An yaba mini a kan iya bayyana tasirin aikina.

Wasu abokaina a Kano sun kafa ɗan kamfaninsu, suna yi wa 'yan kasuwa manhajar lissafi, sun neme ni ba sau ɗaya ba. A can, sun ce, abin da ka rubuta da safe da yamma yana hannun mai shago, in ya lalace kuma wayarka za a kira. Kullum amsata ita ce su bari shekara ta zagayo. Dalili shi ne manyan kamfanoni kan ba ma'aikaci hannun jari, amma ba a dunƙule ba, kashi-kashi ne cikin shekara huɗu, in ka tafi ka bar abin da bai nuna ba. Kafin na farko ya ƙare an ɗora maka wani. Kullum akwai wani kaso da ya rage 'yan watanni ya faɗo. Haka nake gaya musu, kuma gaskiya ne. Abin da ban gaya musu ba shi ne maganar nan ta wayarka za a kira ita ke tsinka mini zuciya.

Kawuna ne ya tone asirin ba da niyya ba. Hatsi yake saye da sayarwa, masara da dawa da waken suya, yana da yaran shago da masu karɓar bashi har ƙauyuka. Ya kira ni ya ce, "Kai da anka ce kai ka yi ma Turawa na'ura, ba ka yi min wani abu cikin wayag ga? Littahin bashi ya cika, yara kowa da irin rubutunai. So nikai in san buhu nawa anka shigo da shi, nawa anka hitar, wa yab biya, wa bai biya ba."

Na ce, "Kawu, wannan ai aikin yamma ɗaya ne."

Na koma ɗaki na buɗe sabon shafi, fari fat, na zauna ina kallonsa. A wurin aiki ban taɓa fuskantar farin shafi ba. Rumbun ajiye bayanai akwai masu kula da shi. Tsaro akwai nasa mutane. Yadda manhaja ke fita daga kwamfutata ta isa wayar mutum, wasu ne suka shimfiɗa hanyar, ni dai in latsa in jira. Yawancin kayan aikin da na ƙware a kansu na cikin gida ne, kamfanin ya ƙera wa kansa, ba su da amfani ko taku ɗaya a waje da ƙofarsa. Na san madannin rasit ciki da bai, amma in fara abu daga tushe in kai shi ƙarshe ni kaɗai, rabona da wannan tun ina ɗalibi. Sai na yi abin da na iya. Na rubuta takardar tsari. Na koma wurin Kawu da jerin tambayoyi: su wane ne ainihin masu amfani, da me za mu auna nasara, mene ne ba za mu yi ba a zangon farko. Ya amsa iyakar ƙoƙarinsa yana auna wa wata mata dawa. Na ce zangon farko zai fito bayan Salla.

Ya ce, "Wace Salla? Ƙarama ko babba?"

Duka biyun sun wuce. Ana nan sai wani yaron maƙwabtansa, wanda ya gama difloma a Ƙauran Namoda ya shiga shirin nan na 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku, ya ji Kawu na ƙorafi. Da wata waya mai fasasshen gilashi ya haɗa masa jadawali mai sauƙi. Kowane yaron shago na shigar da buhu da sunan mai bashi a wayarsa, ko babu sabis, in sabis ya dawo duk su haɗu a wayar Kawu. Na karɓa na duba da idon gwani. Kurakurai kuwa ga su nan birjik. Ba gwaji ko ɗaya. Duk yaron da ya ga dama zai iya goge bashin abokinsa. In masu amfani suka kai dubu goma, abin zai durƙushe. Na zayyana wa Kawu duka, dalla-dalla.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Dut na ji, Injiniya. Mu dai mu shida na. Kuma nashi shina aiki. Naka hwa?"

Bayan 'yan kwanaki yaron ya yi sallama a zaurenmu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, don Allah ko za ka sa ni a hanya a kamfaninku?" Ga dama ta samu in gaya masa duk abin da na rubuta a nan, in ce abin da ke hannunsa ya fi nawa wuyar samu. Sai na gyara zama. Na ce shiga wurin ba wasa ba ne, na kwatanta masa matakan ganawa ɗaya bayan ɗaya har na ga ya fara zufa, sannan na ce zan duba abin da zan iya yi. Kamfanin na ba da ɗan tukuici ga ma'aikacin da ya kawo wanda aka ɗauka, wannan ban ambata masa ba.

Na cike masa fom. A gurbin da aka tambayi yadda na san shi, na rubuta cewa ina yi masa jagora, kuma ya gina manhajar lissafin hatsi ga ƙananan 'yan kasuwa a arewacin Najeriya a ƙarƙashin kulawata. Da lokacin rubuta rahoton rabin shekara ya zo, na sa wannan a sashen hidimar al'umma. Manajata ta ji daɗinsa sosai, har ta tura wa na sama da ita. Yanzu an sa ni in yi jawabi a kai a babban taron sashenmu wata mai zuwa, da hotuna, da lokacin tambayoyi a ƙarshe. Na aika a gaya wa yaron ya zo gobe bayan la'asar da wayarsa, ya nuna mini yadda abin ke aiki.